Alƙalami a Ƙofar Harvard: Matashin Marubuci da Neman Gurbi a Manyan Jami'o'in Amurka





Tambaya ɗaya masu shirya wannan zama suka ɗora mini. Yaro ko yarinya na ajin ƙarshe a sakandare, Allah Ya ba shi baiwar rubutu, yana tsara waƙa, yana ƙaga labari, wataƙila har ya ci wata gasa ko an buga aikinsa a jarida. Idan ya nemi gurbi a jami'o'in Amurka da suka fi tsaurin shiga, irin su Harvard da Yale da Princeton da Stanford, yaya damarsa take? Rubutun zai buɗe masa ƙofa?

Zan fara da alƙaluma, domin kada daɗin baki ya kwashe mu. A shekarar 2024, mutum 54,008 suka nemi shiga digirin farko a Harvard. An ɗauki 1,937. Ke nan a cikin kowane mutum 100, fiye da 96 wasiƙar ba da haƙuri suka samu. A 2022 masu neman sun haura 61,000, aka ɗauki kashi 3 da 'yan kai. Sauran takwarorinta ba su yi nisa da haka ba. Wanda ke nema daga wajen Amurka kuwa, tasa ƙofar ta fi ƙunci: jami'ar MIT, wadda takan bayyana alƙalumanta dalla-dalla, a shekarun nan kusan kashi 2 cikin 100 na baƙin da suka nema take ɗauka.

Kada ku ɗauka waɗanda aka mayar ɗin malalata ne. A wata shekara da aka baje takardunta a gaban kotu, masu neman Harvard daga cikin Amurka kaɗai waɗanda sakamakonsu na sakandare ba shi da tabo ko ɗaya sun kai wajen 8,000, alhali kujerun ba su kai 2,000 ba. Ko da jami'ar ta ce sai mai cikakken maki za ta ɗauka, dole ta mayar da uku cikin huɗu nasu.

Wannan shi ne abu na farko da ke ruɗa iyayenmu, domin mun saba da wani tsari daban. A nan yaro ya zauna JAMB, maki 400 ne ƙololuwa, kowane sashe yana da makin da ya yanke, wanda ya haye ya sa rai, wanda bai haye ba ya san matsayinsa. A waɗannan jami'o'i babu makin da za ka samu ka ce shi ke nan, na shiga. Suna cewa mutum suke dubawa gaba ɗayansa: karatunsa, abin da yake yi bayan an tashi daga aji, abin da malamansa suka faɗa a kansa, halinsa, gidan da ya fito, da abin da ya rubuta da hannunsa.

Tsarin yana da daɗin ji, amma ya kamata ku san asalinsa. Kafin shekarun 1920, jarrabawa ce kusan kaɗai ke shigar da mutum Harvard. Sai 'ya'yan Yahudawa baƙin haure, masu naci a karatu, suka riƙa cin jarrabawar, har a 1922 suka haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗalibai. Shugaban jami'ar na lokacin, Lawrence Lowell, ya fito fili ya nemi a ƙayyade yawansu. Da hakan bai samu karɓuwa ba, sai aka bi ta bayan gida: aka ce daga yanzu za a duba hali da ɗabi'a, a kawo wasiƙun shaida, a yi ganawa, mai nema ya rubuta bayani a kan kansa. Masani Jerome Karabel ya tono wannan tarihi daga ma'ajiyar takardun Harvard da Yale da Princeton, ya fitar da shi a littafinsa The Chosen a 2005. Ba ina cewa manufar yau ita ce ta jiya ba. Yau da wannan tsarin ne ake ɗauko ɗan talaka mai hazaƙa daga ƙauyen da ba wanda ya taɓa jin sunansa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, an gina tsarin ne domin jami'a ta sami 'yancin zaɓen wanda take so, bisa bukatarta. Ba a gina shi domin saka wa wanda ya fi cancanta ba.

Mun ƙara leƙa cikin ɗakin ne albarkacin wata shari'a. Wata ƙungiya mai suna Students for Fair Admissions ta kai Harvard ƙara, tana zargin ana tauye ɗalibai 'yan asalin Asiya. Aka yi zaman kotu a Boston a 2018, maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a ranar 29 ga Yuni, 2023 ta haramta amfani da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. A tsakanin nan aka tilasta wa jami'ar fito da takardun da ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Aka ga ana ba kowane mai nema lamba daga 1 zuwa 6, inda 1 ce mafi girma, a fannin karatu, da ayyukan wajen aji, da wasanni, da hali. Aka ga ɗan wasan da kocin jami'a ya nuna yana so, fiye da kashi 80 cikin 100 na irinsu ana ɗauka. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi Harvard, kusan ɗaya cikin uku. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono da abokan aikinsa sun lissafa cewa fiye da kashi 43 cikin 100 na fararen fatan da aka ɗauka, ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin da shugabanni suka sa wa ido, galibi saboda kyautar kuɗi da danginsu ke bayarwa. A 2023 kuma Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka nuna cewa ɗan gidan da ke cikin kashi 1 mafi arziki a Amurka ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen samun kansa a irin waɗannan jami'o'i, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne.

To ina marubuci a cikin wannan? Ba shi da koci. Mai iyo da mai ƙwallon kwando suna da mutum a cikin jami'ar wanda aikinsa ne ya nemo su, ya kuma tsaya musu. Mai waƙa, a mafi yawan wurare, ba shi da irin wannan. Akwai inda aka ɗan bambanta. A Jami'ar Pennsylvania akwai wani gida na marubuta, Kelly Writers House, da aka kafa a 1995, wanda mutanensa sukan nemi matasa masu rubutu tun suna sakandare, su ja hankalin ofishin ɗaukar ɗalibai gare su. Amma jan hankali ne, ba kujera ba.

Saboda haka rubutunka, ƙanena, zai shiga ne a layin ayyukan wajen aji, tare da na mai goge, da na mai muhawara, da na yarinyar da ta haɗa manhajar waya. Kuma ba za a kai ga duba shi da kyau ba sai karatunka ya tsaya da ƙafarsa. Ina jaddada wannan domin na san halinmu, mu masu son adabi. Yaro ya ƙware a Turanci da Hausa da adabi, sai ya ɗaura gaba da lissafi, ya ce ai shi marubuci ne. Waɗannan jami'o'i ba sashen adabi kake nema a wurinsu ba. Jami'ar ce gaba ɗaya take ɗaukarka, kuma a shekarun farko za ka taɓa kimiyya, ka taɓa lissafi, kafin ka zaɓi fanninka. Za su nemi sakamakonka na shekarun babbar sakandare, zango-zango, ba na WAEC kaɗai ba. Jarrabawar SAT, mai maki 1600, da aka sassauta lokacin annobar korona, ta dawo: MIT ta mayar da ita wajibi a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka dawo da sharaɗin jarrabawa a 2024. Wanda ya je da raunin lissafi, kyan waƙarsa ba zai rufe masa shi ba.

Mu ɗauka karatun ya yi. Me ake nufi da a ce yaro marubuci ne a idon mai karanta takardun? Mutumin nan yana da dubban fayiloli a gabansa tsakanin Nuwamba da Maris, kuma ɗan jarida Jeffrey Selingo, wanda aka bari ya zauna a ofisoshin ɗaukar ɗalibai na jami'o'i uku ya rubuta littafi a kai a 2020, ya nuna cewa fayil guda 'yan mintuna yake samu. Ba zai karanta littafinka mai shafi 300 ba. Shaida yake nema cewa wani, wanda ba babanka ba kuma ba abokinka ba, ya karanta aikinka ya ga darajarsa.

Yaran Amurka suna da tsani da aka daɗe da kafa musu. Akwai gasar Scholastic ta zane da rubutu, tun 1923, wadda Truman Capote da Sylvia Plath da Joyce Carol Oates da Stephen King duk sun ci wani abu a cikinta suna yara. Ana farawa daga yanki, a haura zuwa ƙasa. Akwai gasar YoungArts. Akwai zaman horo na bazara a Iowa da Kenyon. Akwai mujallar Adroit, wadda wani yaro, Peter LaBerge, ya kafa a 2010 yana sakandare. Ma'aikacin jami'a ya san nauyin kowanne, ya san bambancin lambar yanki da ta ƙasa. Ku dubi Amanda Gorman, wadda ta karanta waƙa a bikin rantsar da Shugaba Biden a Janairun 2021 tana da shekara 22. Kafin ta shiga Harvard ta samu horo a wata ƙungiyar koya wa 'yan mata rubutu a Los Angeles, an naɗa ta gwarzuwar matasan mawaƙan birnin a 2014, ta fitar da littafi a 2015. Irin wannan ake nufi idan aka ce rubutu ya ɗaga mutum. Kuma a kowace shekara akwai masu lambar zinare ta ƙasa da ake mayarwa, domin masu lambar sun fi kujerun da jami'a ta ga dama ta ba marubuta yawa.

Yawancin waɗannan matakai ba namu ba ne. Scholastic ta ɗaliban Amurka da Kanada ce, YoungArts ta 'yan ƙasa da mazauna Amurka. Amma akwai waɗanda ƙofarsu ke buɗe gare ku. Gasar rubutun muƙala ta ƙasashen Commonwealth tana gudana tun 1883. Gasar Foyle ta matasan mawaƙa a Ingila tana karɓar waƙa daga ko'ina a duniya, daga shekara 11 zuwa 17, kyauta. Mujallar Concord Review tun 1987 take buga dogayen binciken tarihi na 'yan sakandare daga ƙasashe daban-daban; yaron da ya zauna ya rubuta tarihin ganuwar garinsu ko na wata tsohuwar kasuwa, da hujjoji da hirar dattawa, yana da abin aikawa. A gida kuma akwai rassan Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a jihohi, akwai cibiyar Hill-Top a Minna da B.M. Dzukogi ya kafa domin rainon matasan marubuta, akwai shafukan adabi a jaridu.

A nan zan ɗan daɗe, domin akwai waɗanda ke zaune a zauren nan da suke ganin wannan magana ba ta shafe su ba, don da Hausa suke rubutu. Ƙanwata, ke da kike rubuta labari a waya, kina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, mata ɗaruruwa ko dubbai suna jiran ci gaba, wasu har suna biyan kuɗi, wasu suna turo miki saƙon faɗa don kin kashe wanda suke so a labarin: kina da abin da yawancin masu lambobin yabo ba su da shi. Kina da masu karatu. Kin koyi riƙe hankalin mutum daga babi zuwa babi, kin koyi cika alkawarin lokaci, kin san abin da ke sa a ajiye labari. A ganina wannan ya fi takardar yabo ta gasar da aka biya kuɗin shiga nauyi. Matsalar ita ce wanda ke zaune a Massachusetts bai san da wannan duniya ba. Bai san adabin kasuwar Kano ba, bai san Balaraba Ramat Yakubu ba, bai san cewa tun gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ake gasar ƙagaggen labari da Hausa ba, bai san BBC Hausa ta fara gasar Hikayata a 2016 ba. Aikinki ne ki sanar da shi, a taƙaice, ba tare da ƙari ba: labari nawa, tsawon wane lokaci, masu karatu kimanin nawa, da wane harshe, kuma harshen na mutum miliyan nawa ne. Fom ɗin da galibin jami'o'in ke amfani da shi, Common Application, gurabe 10 ya tanada na ayyuka, kowanne bayaninsa bai wuce haruffa 150 ba. Haruffa, ba kalmomi ba. Faɗin gaskiyar shekara uku a layi biyu, wannan ma gwajin marubuci ne. Kuma kada ki ƙara ko mutum ɗaya a kan yawan masu karatunki. Abin da ba za ki iya nuna shaidarsa ba, bar shi.

Sai muƙalar nan da mai nema ke rubutawa a kan kansa, da ake ta magana a kanta, wadda ba ta wuce kalma 650. Mutane sukan ɗauka nan ne marubuci zai yi fintinkau. Sau da yawa nan yake faɗuwa. Dalili kuwa, ya saba a yaba masa kan ado, sai ya cika shafin da kwalliyar magana, ya buɗe da faɗuwar rana, ya rufe da hikima, mai karatu ya gama bai san wa ya yi magana da shi ba. Ba gwanintar jimla ake aunawa a nan ba. Ana so a ji yadda kanka ke aiki: me ka lura da shi wanda wani bai lura ba, me ya taɓa canza maka ra'ayi, yaya kake da mutane. Gwanintar marubuci ta gaskiya, wato iya kallon ƙaramin abu har ya ga abin da ke cikinsa, ita ce ke amfani a nan.

Akwai kuma wani tarko da aka ɗana musamman ga ɗan Afirka, ɗan Arewa ma ya fi. Za a ce maka ka rubuta wahala, domin wahala ce ke sayuwa: Boko Haram, 'yan bindiga, bara, auren wuri. Idan abin ya same ka, kuma kana so ka faɗa, hakkinka ne, ba mai hana ka. Ko Alƙalin Alƙalai John Roberts a hukuncin 2023 ya bar ƙofa a buɗe ga ɗalibi ya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Amma idan a gidan rufin asiri ka tashi, kada ka ari hawayen wani. Ƙarya ce, ta farko. Ta biyu, masu karatun sun ga irinta har sun gaji. Ta uku, wadda ta fi damuna, ita ce ka fara rayuwarka ta rubutu da sayar da mutanenka a kan siffar da baƙo ya riga ya zana musu. Yarinyar da ta rubuta yadda take karanta wa kakarta wasiƙu, tana sassauta kalmomin da ta san za su ɓata wa tsohuwar rai, har ranar da ta fara tambayar kanta ko tana da ikon yin haka, ta faɗi abu game da kanta da kuma game da rubutu wanda labarin tashin bam na aro ba zai faɗa ba.

Ku sani kuma darajar muƙalar tana raguwa. Masu kuɗi sun daɗe suna ɗaukar ƙwararru su gyara wa 'ya'yansu, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta zo, kowa na iya sa na'ura ta tsara masa. A 2024 Jami'ar Duke ta sanar cewa ta daina ba muƙala maki na lamba, domin ba ta da tabbacin wa ya rubuta. Princeton kuwa tana neman a haɗo da wani aikin aji da malami ya riga ya duba ya sa wa maki. Ma'ana suna neman rubutun da aka yi shi ba don su ba.

Wannan ya kawo ni ga labarin da nake so kowane uba da kowace uwa a nan su ji. Kaavya Viswanathan yarinya ce 'yar asalin Indiya da ta tashi a New Jersey. Iyayenta suka ɗaukar mata mai ba da shawara kan shiga jami'a, mai tsada. Matar ta ga yarinyar na rubutu, ta haɗa ta da dillalan littattafai, maganar ta bi ta hannun wani kamfani mai tsara littattafan matasa, har aka ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin ɗab'i na Little, Brown. Ta shiga Harvard. A 2006 littafin ya fito, kuma labarinsa shi ne na wata yarinya da iyayenta suka tsara rayuwarta kaf domin ta shiga Harvard, ranar ganawa aka tambaye ta me take yi don jin daɗin kanta, ta rasa amsa. Ba a yi wata guda ba jaridar ɗaliban jami'ar, Harvard Crimson, ta nuna cewa wurare da dama a littafin sun yi kama ƙwarai da na wata marubuciya, Megan McCafferty. Yarinyar ta ce ba da gangan ba ne, ta karanta littattafan ne har suka zauna mata a kai. Kamfanin ya janye littafin daga kasuwa, ya soke yarjejeniyar. Tana da shekara 19 sunanta ya zagaya duniya a kan satar fasaha.

Ba don in tozarta ta na kawo wannan ba. Yarinya ce, kuma manya da yawa sun sa hannu kafin abin ya kai haka. Na kawo shi ne don ku ga abin da ke faruwa idan aka mayar da rubutun yaro guzurin neman gurbi. Ana gaggauta shi, a nuna shi kafin ya nuna. Yaron da ya kamata ya shekara biyar yana karatu, yana kwaikwayo a ɓoye, yana yagewa, har muryarsa ta fito, sai a tura shi kasuwa da muryar wani. Shekara uku kafin wannan, a 2003, Harvard ta janye gurbin da ta riga ta ba wata ɗaliba bayan an gano ta kwafi maganganun wasu a rubuce-rubucenta na jarida. A wurinsu wannan laifi ba shi da ƙarami. Mu kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a makarantunmu da yawa yaro yakan kwafo shafi daga intanet ya miƙa, malami ya ba shi maki, ba wanda ya ce masa sata ya yi. Gyaran wannan a ajinmu yake, ba a Amurka ba.

Maganar kuɗi ba zan ja ta ba. Shekara ɗaya a Harvard, da makaranta da ɗaki da abinci, ta haura dala 80,000. Amma 'yan ƙalilan daga cikinsu, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin, ba sa duba aljihun mai nema ko da baƙo ne, kuma idan sun ɗauke shi sukan biya abin da gidansu ba zai iya ba. A 2025 Harvard ta ce gidan da abin da yake samu a shekara bai wuce dala 100,000 ba, ɗansu ba zai biya komai ba. Mafi yawan sauran jami'o'in kuwa, bukatar tallafi tana rage wa baƙo dama. Shi ya sa duk haziƙan talakawan duniya suke cunkushewa a ƙofofi ƙalilan. Kuɗin fom ana iya neman a yafe. Ofishin EducationUSA a Abuja da Legas yana ba da shawara, don haka kada wani ya karɓi kuɗinku da alkawarin gurbi. A 2019 an gurfanar da attajirai da taurarin fim a Amurka kan sayen gurbi ta hannun wani dillali, Rick Singer, wasunsu har gidan yari. Sannan tun 2025 gwamnatin Amurka ta tsananta dokokin biza a kan ƙasashen Afirka da dama, har da namu na wannan yanki, kuma dokokin suna sauyawa. Samun gurbi daban, samun izinin shiga ƙasar daban. Duk mai nema ya zauna JAMB ɗinsa, ya riƙe gurbinsa na gida da hannu biyu.

Yanzu ga abin da ba a cika faɗa wa matasa marubuta ba. Ƙofar da rubutu ke da cikakken iko a Amurka ba ta digirin farko ba ce, ta digiri na biyu ce. Akwai kwasa-kwasan koyon rubutun adabi, wanda ya fi shahara shi ne na Jami'ar Iowa tun 1936, inda abin da ya fi komai nauyi shi ne shafukan da ka aika, marubuta ne kuma ke karanta su, ba ma'aikatan ofis ba. Da dama daga cikinsu ba a biyan kuɗin makaranta, har alawus ake ba ɗalibi. Ku bi sawun namu da suka yi suna. Chimamanda Adichie ta fara ne a Nsukka, ta tafi Drexel, ta gama digirinta a 2001 a Eastern Connecticut State, jami'ar jiha da ba ta cikin jerin da ake rububi. Johns Hopkins da Yale daga baya suka zo, a matakin digiri na biyu. Chigozie Obioma a Cyprus ya yi digirin farko, sannan Michigan, littafinsa na farko ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Booker a 2015. Saddiq Dzukogi ɗan Minna ne, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, waƙoƙinsa suka kai shi Jami'ar Nebraska har ya yi digirin digirgir. Abubakar Adam Ibrahim daga Jami'ar Jos ya fito, ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala 100,000 a 2016. Su kansu Amurkawan, Toni Morrison a Howard ta yi digirin farko, Princeton kuwa a matsayin farfesa ta shige ta. Stephen King a Jami'ar Maine ya yi. Wanda aka mayar yana da shekara 18 yana iya dawowa yana da 24 da rubutun da ya nuna, ya tarar da mutanen da aikinsu ke nan su karanta shi.

Shin ina cewa kada ku nema? A'a. Wanda sakamakonsa ya yi ƙarfi, yake da aikin da zai nuna, ya nema, ya nema da gaske. Shirin kansa yana da amfani: zai sa ka tattara aikinka, ka tace shi, ka tambayi kanka me kake yi da alƙalamin nan. Ka dai sani cewa ba wanda zai iya ba ka lamba ya ce damarka kashi kaza ce. Wanda ya ba ka, ko bai sani ba, ko yana da abin sayarwa. Wataƙila a shekararka sun riga sun ɗauki mawaƙa biyu, mai busa sarewa suke nema. Ba za ka taɓa sani ba, kuma ba hukunci ba ne a kan rubutunka. Lokutan su ne: na masu nema da wuri yakan rufe a farkon Nuwamba, na sauran a farkon Janairu, amsar sauran ta fito a ƙarshen Maris. Wanda zai nema ya fara shiri tun yana aji biyu na babbar sakandare.

Roƙona na ƙarshe gare ku ne, 'yan'uwana malamai, domin akwai takarda ɗaya a fayil ɗin da yaro ba shi da iko a kanta. Ana neman wasiƙa daga malamai biyu, da ɗaya daga hukumar makaranta. Mun saba rubuta layi uku: yaro ne mai ladabi, mai ƙwazo, mai biyayya, muna ba da shaidarsa. A can irin wannan wasiƙa daidai take da shiru, har takan sa a yi zaton malamin bai san yaron ba. Takwaranku na Amurka shafi guda yake cikawa. Ku rubuta abin da kuka gani da idonku: ranar da yarinyar ta kawo muku labarin da ba ku sa ta ba, yadda ta karɓi gyara ta sake shi har ya miƙe, tambayar da ta yi a aji da ta sa kuka koma littafi, yadda take zama da ƙananan ɗalibai tana duba musu nasu. Ku faɗi yawan ɗaliban ajin da matsayinta a cikinsu. Ku bayyana yanayin makarantar, ko akwai laburare, ko akwai wuta, domin da abin da ta samu ake auna abin da ta yi. Idan da Hausa take rubutu, ku ne kaɗai a duk fayil ɗin da kuka karanta aikin a harshensa, don haka ku faɗi matsayinsa a tsakanin abin da kuka karanta a shekarunku na koyarwa. Wannan yana bukatar ku karanta abin da yaran ke rubutawa tun yanzu, ba sai an zo neman wasiƙa ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata, na ga hannuwa sun fara tashi. Sauran lokacin na tambayoyi ne.